Ranar da Melvina Ta Kalli Jirgi

Melvina Durnford ta cika shekara sittin da ɗaya a Marten Cove, wani ƙauyen masunta a gaɓar tekun Kanada, kuma ko an tattara duk kwanakin da ta yi a wani gari ba za su kai wata huɗu ba. A gidan da ke bayan coci aka haife ta, da ta yi aure ta koma wanda ke gaban coci. Tana da shekara sha shida ta fara aiki a masana'antar kifi, tana feɗewa tana cire ƙaya, hannunta cikin ruwan sanyi tun safe har la'asar. Ta yi shekara ashirin da uku a haka, har lokacin da gwamnati ta hana kamun kifi aka sa wa masana'antar kwaɗo. Daga nan ta koma sharar makaranta da saƙa safa. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, ba ta son a maimaita mata magana.

Mijinta, Ches, yana da ƙaramin jirgin kamun kifi mai inji da ya gada daga ubansa. Ɗa ɗaya Allah ya ba su, Darrell. Da kifi bai ƙare ba, da a jirgin nan zai tsufa kamar kakanninsa. To, ya tashi ya tarar babu abin kamawa, sa'o'insa suna ta tafiya yamma aikin mai, shi kuma ya shiga soja. Ba wani zafin kishin ƙasa ne ya kai shi ba. Ya ce dai aiki ne mai tsari, kuma za su koya masa gyaran inji.

Garinmu ba shi da hanyar mota, jirgin fito ne ke zuwa Talata da Juma'a, kuma kowa ya san yadda ake rakiya. A je tasha, a miƙa jaka, a gyara wa mai tafiya wuyan riga, a ce ya kula da kansa. In jirgi ya saki igiya a ɗaga hannu sau ɗaya ko biyu. Amma kafin ya kai Kan Dutse, inda yake shan kwana ya shiga teku, kowa ya juya ya kama hanyar gida. Ba a kallon jirgi har ya ɓace, domin wanda aka kalla har ya ɓace ba ya dawowa. Ba wanda ke koya wa yara wannan da baki. Uwa ce kawai ke kama kafaɗar ɗanta ta juya shi, har ya girma ya riƙa juyawa da kansa.

A watan Janairu na 2008 Darrell ya gama hutunsa na ƙarshe kafin a tura su Afganistan. Ranar tafiyarsa Melvina ta juya tare da kowa, ta yi taku kamar goma sha biyar a bayan Ches. Sai ta ce masa ta bar safar hannunta a tasha, ya yi gaba za ta same shi. Ta koma ta laɓe a bayan rumfar kaya. Ta kalli jirgin ya wuce Kan Dutse, ya zama ɗan ɗigo, ya ɓace. A watan Agusta, wata safiyar Laraba, ta hango fasto yana hawowa tare da wani mai kaki, alhali ba ranar jirgi ba ce. Labarin mutuwar Darrell suka kawo.

Mace ce mai zuwa coci, mai hankali. Ta san bam aka binne a gefen hanya, kuma wanda ya binne shi bai taɓa jin akwai wani wuri wai shi Kan Dutse ba. Ta san wannan sarai. Amma duk sanda ta kai ƙarshen tunanin, sai ta tarar da kanta a bayan rumfar nan. Shekara shida ba ta gaya wa kowa ba, balle Ches, wanda ya juya yadda ake yi ya hau gida bai waiwaya ba.

Duk ranar sha ɗaya ga Nuwamba, bayan an yi shirun minti biyu a gaban dutsen da aka sassaƙa sunayen mamatan yaƙi, ana taruwa a zauren coci a sha romo, sannan a ja labule a sa fim ɗin yaƙi. Tun Melvina tana budurwa ake haka. In fim ɗin na Amurka ne, maza sukan zauna suna lissafin harsashin da jarumi ya harba ba tare da ya sake ɗuri ba, wani ya tambaya wane sabulu suke wanke tutarsu da shi da ba ta taɓa yin datti. In namu ne na Kanada, sai laka da ruwan sama, da wani yaro yana rubuta wasiƙa, da hafsan da ke ba da haƙuri kafin ya ba da umarni. Ches yakan ce namu ko nasara aka ci, kana fitowa kamar daga jana'iza kake. Duk da haka namu suka fi so, kuma ba a tafi in ya ƙare. A naɗe kujeru kawai a jingine su.

Bayan an ƙara sunan Darrell a dutsen, Melvina ba ta daina zuwa ba. Takan maƙala gicciyen azurfar da gwamnati ke ba uwaye, ta zauna a gaba inda ake ajiye mata kujera, in an fara fim ta tashi ta shiga wanke kofuna. Wani ɗan jarida ya taɓa bugo waya ya tambaye ta ko tana alfahari da sadaukarwar ɗanta. Ta ce tana alfahari da shi tun yana aji ɗaya. Wata ƙungiya mai adawa da yaƙin ta aiko tana neman ta sa hannu a takarda, ta amsa musu da godiya, ba ta sa ba.

A bazarar 2014 masu fim suka zo daga birnin Toronto. Daraktansu, Neil Garrow, mutum ne dogo mai ladabi, wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Ya tara mutane a zaure ya ce fim ɗinsa a kan samarin ƙauye ne da suka tafi yaƙi a 1915, kuma ba irin na maƙwabtanmu na kudu, Amurkawa, ba ne: babu ganguna, babu doguwar huɗuba kafin a mutu. Fitowa ɗaya ce kawai yake son tuta da murna, wato ranar rakiya, don mai kallo ya ga yadda mutane suka yarda da abin kafin ya cinye su. Ya ce labari ne na Kanada.

"Malam, a shekarar da kake magana ba mu ma zama 'yan Kanada ba," in ji Ches daga baya. "Sai bayan shekara talatin da wani abu kuka yi sa'ar samunmu."

Aka yi dariya, darakta ya ba da haƙuri, aka ci gaba. Ya nemi mata arba'in su tsaya a tasha. Jirgin Ches aka lulluɓe da katako aka kafa masa tsofaffin filafilai na kama iska, shi kuma aka manna masa gemu, Melvina ta ce ko bunsurun fasto ya fi shi kyan gani. Samari goma sha biyu aka sa wa kaki, biyar daga cikinsu 'ya'yan garin ne da suka dawo hutu.

Safiyar ɗauka akwai ɗan hazo. Mata suka jeru cikin dogayen riguna, kowace da ƙaramar tuta a hannu. A gaba aka tsayar da Gwaggo Triffie, wadda ta fi kowa tsufa a garin, shekararta tamanin da tara. Jirgi ya saki igiya, tutoci suka tashi, samari suna ɗaga huluna. Yana dab da Kan Dutse, sai mata arba'in suka juya kamar an buga musu ƙararrawa, suka fara hawa tudu.

Darakta ya tsayar da aiki. Cikin ladabi ya ce laifinsa ne da bai yi bayani ba: a ci gaba da kaɗa tuta har jirgi ya ɓace. Suka ce to. Aka kira Ches ta rediyo ya dawo. A karo na biyu sun ɗan jure, ana ganin wuyansu ya sandare, amma da Gwaggo Triffie ta juya sai duk suka bi ta. Darakta ya tambaya ko akwai matsala. Ba wadda ke son faɗa a gaban mutanen Toronto, kada a koma birni ana cewa har yanzu camfi muke yi. Wata ta ce rana ce ke shiga mata ido, kowa ya ɗaga kai ya dubi hazo.

Sai darakta ya je ya duba abin da kyamara ta ɗauka, ya daɗe yana kallo. Da ya dawo fuskarsa ta washe. Ya ce shi ne bai gane ba, abin da suka yi ya fi abin da ya rubuta. Uwaye sun juya wa yaƙi baya, sun juya wa tuta da sarkin da ya kira 'ya'yansu yaƙi baya, ba ihu ba zagi. Ya ce wannan shi ne halinmu a ƙasar nan, haka muke ƙin abu.

Gwaggo Triffie ta dogara da sandarta ta dube shi daga ƙasa zuwa sama.

"Ɗan nan, wa ya ce maka ƙi muke yi? Ƙanin ubana yana cikin waɗanda suka tafi daga wannan tasha. Uwarsa ce ta saƙa masa safa, ita ce kuma ta ɗinka tutar da aka ɗaga ranar. Ba ta yi guɗa ba, ba ta kuma hana shi ba. Kai dai kana son ko mu yi rawa ko mu yi fushi."

Wata daga baya ta yi masa bayanin al'adar a taƙaice. Ya ba da haƙuri, wannan karon da gaske. Ya yi ta kai da kawowa a kan katakon tasha. Can ya ce to, a bar su su juya yadda suka saba, amma yana son mace ɗaya ta kasa. Kowa ya tafi, ita kaɗai ta tsaya tana kallo har ƙarshe, kyamara a kan fuskarta. Ya bi layin matan da ido, ya tsaya a kan Melvina. Ya ce tun safe yake lura da ita, fuskarta tana da abin da yake nema.

Bai san komai ba. Matan da suka san rabin labarin suka sunkuyar da kai, wata ta buɗe baki za ta yi magana, Melvina ta girgiza mata kai. Ta ce za ta ba shi amsa bayan abincin rana.

Ita ce ta riƙe Gwaggo Triffie suka hau tudu, saboda doguwar rigar tana harɗe tsohuwar. A kicin ɗin tsohuwar ta zaunar da ita, ta durƙusa tana kwance mata igiyar takalmi. Wataƙila don ba ta kallon fuskarta ne maganar ta fito. Ta faɗa mata duka, safar hannun ƙarya, da rumfar kaya, da ɗigon da ya ɓace. Ba ta yi kuka ba. Ta faɗe shi a tsare, kamar mai ba da shaida.

Gwaggo Triffie ta bari aka cire mata takalmi na biyu. Sannan ta ce a taimaka mata ta hau bene.

Sun daɗe a matakala. A ɗakin kwana ta kai Melvina gaban taga ta ce ta dubi ƙasa. Fentin katakon ya goge a wuri ɗaya, daidai tsayuwar mutum, har farin itace ya fito. Ta ce ta ɗaga labule. Daga nan ana ganin Kan Dutse, ana kuma ganin abin da ke bayansa, buɗaɗɗiyar teku har inda ta haɗu da sama.

"Shekara arba'in da ɗaya mijina Ambrose yana fita teku," in ji ta. "Ban taɓa fashi ba. Ina juyawa a tasha, in hawo da gudu, in tsaya nan har in daina ganinsa. A gadon nan ya mutu yana da tamanin da uku, yana mitar wai na cika gishiri a kifi."

Melvina ta tsaya riƙe da labule.

"Uwarki ma tagarta wannan gefen take kallo. Kina tsammani don iska ta ƙi a canja mata ɗaki?"

"To, Gwaggo, me ya sa muke juyawa?"

"Don su, 'yar nan. Mutum yana cikin jirgi ya waiwayo ya ga uwarsa tsaye kamar an dasa ta, da wace zuciya zai yi aiki? In ya ga an juya an tafi gida, ya san an ɗora tukunya da shi. Sauran maganar, ta wanda ba ya dawowa, ban san wa ya fara ta ba. Akwai matan da ba su taɓa kallo ba, teku ta ci mazajensu. Akwai ni."

"Nawa bai dawo ba."

"Bai dawo ba," in ji Gwaggo Triffie. Ta ɗora busasshen hannunta a kafaɗar Melvina, inda uwa ke kama yaro. "Ba ke ba ce. Shekara shida, ke kaɗai, kina da ni a nan sama da gidanki. Da na san haka da tuni na ja miki kunne."

Bayan abinci Melvina ta sauka ta sami darakta. Ta ce ba za ta tsaya a tasha ba. Biyar daga yaran da ke cikin jirgin uwayensu suna nan a layi, kuma fim ne, amma ruwan na gaske ne. Ba za ta sa wata uwa ta hau tudu da nauyi a ƙirji ba. In yana son ya ga mace tana kallon jirgi, ya ɗauko kyamararsa ya biyo ta. Ya tambaya ina. Ta ce inda ake kallo.

Da ƙyar kayan aikin suka shiga ɗakin Gwaggo Triffie, sai da aka fitar da gado. Wani ya riga ya raɗa wa darakta labarin Darrell, ta gane daga yadda ya kasa haɗa ido da ita. Ya fara cewa in ba za ta iya ba, ta katse shi, ta ce ya yi aikinsa. Bai gaya mata yadda za ta yi da fuskarta ba. Ta tsaya a kan gogaggen katakon, ta ɗaga labule da yatsu biyu. Can ƙasa mata suka juya, jirgin Ches ya sha kwana, ya yi ta ƙanƙancewa cikin hazo har ta daina bambanta shi da ruwa. Aka ce an gama, ba ta motsa ba. Ta tsaya har ɗigon ya sake bayyana, ya girma, ya zama jirgi, ta ƙirga huluna goma sha biyu da gemu ɗaya.

Fim ɗin ya fito bayan shekara biyu. Fitowar ba ta kai minti uku ba, ba kiɗa, ba magana. A birni an rubuta cewa tana nuna adawa da yaƙi, wasu kuma suka ce tana girmama sadaukarwa. A zauren coci, da aka nuna shi a Nuwamba, Melvina ba ta tashi wanke kofuna ba, kuma da ya ƙare aka naɗe kujeru aka jingine.

Amma wannan daga baya ne. A ranar ɗaukar, ƙarfe biyar na yamma, ita da Ches suka zauna cin kifi da dankali. Haɓarsa ta yi ja inda aka ɓare gemu, yana ta sosawa, yana cewa sau shida aka sa shi zagaya Kan Dutse kamar akuya a turke. Ta bari sai da ya kusa cinyewa.

"Ches, ranar da Darrell ya tafi, ban bar safar hannuna a tasha ba."

Ya ajiye cokali. Ta gaya masa, a taƙaice fiye da yadda ta gaya wa Gwaggo, idonta a kan faranti. Da ta gama ta jira. Ta shekara shida tana tsara abin da zai ce, ta tanadi amsar kowanne. Ya daɗe yana kallon tebur, babban yatsansa yana bin bakin faranti.

"Har ya ɓace?"

"Har ya ɓace."

Ya gyaɗa kai. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa, kamar mai roƙon abin da ba nasa ba.

"Me yake yi?"

Wannan ba ta cikin tambayoyin da ta tanada. Ta ɗago ta dube shi, sai a lokacin ta gane cewa shi abin da ya rage masa na ƙarshe shi ne bayan rigar yaron yana hawa tsani.

Ta ce ya tsaya a bayan jirgi, ya jingina da ƙarfe. Bai sa hular rigarsa ba duk da sanyin, kunnuwansa a waje. Ya ɗan dubi tudu, ya ga kowa ya juya. Sai ya tsuguna ya buɗe jaka, ya ciro burodin zabibin da ta gasa masa, wanda ta ce ya ajiye sai ya shiga mota.

"Ya ci?"

"Da hannu biyu. Kafin su kai Kan Dutse ya cinye rabi."

Ches ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya rufe idonsa da tafin hannu, ya daɗe a haka. Kafaɗunsa suna motsi kaɗan. Ba ta taɓa shi ba, ta san ba ya so. Can ya sauke hannun ya share shi a wando.

"Kin yi sauri, Vina," ya ce. "Koma farko. Tun daga sakin igiya."

Ta ture farantinta gefe, ta jawo kujerarta kusa da tasa, ta fara.